Kukan Kurciya Jawabi Ne

 

A wannan mako ina so mu yi magana a kan shiru. Kada ku yi dariya ku ce yaya za a yi magana a kan shiru. Za a yi, don kuwa shiru iri iri ne. Mu Hausawa muna son yarinya mai kunya da kawaici. In aka ce wance ko ka sa mata yatsa a baki ba ta cizawa, to, an gama yabonta, uwarta kuwa sai ta ji kanta ya yi girma. Wannan daidai ne, kunya ado ce ga 'ya mace. Amma akwai wani shiru mai kama da kunya, alhali kuwa ciwo ne ke cin yarinya a ciki. Kama da wane ba wane ba ce. Uwar da ba ta iya rarrabe waɗannan biyu ba, tana iya zama da 'yarta shekara da shekaru, suna cin tuwo cikin kwano ɗaya, ba ta san abin da ke dafa zuciyar yarinyar ba.

Akwai littattafai biyu na hikaya da aka rubuta a kan 'yammata irin waɗannan, ɗaya da Hausa a Kano, ɗaya da Turanci a Amurka. Mata ne suka rubuta su duka biyu, kowace kuwa ta ɗanɗana irin abin da ta rubuta. Bari in ba ku labarinsu a taƙaice, sa'an nan mu duba abin da za mu ƙaru da shi cikin gidajenmu.

LABARIN ABU

Na farko shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito cikin 1990. Labarin wata yarinya ce ta ƙauye, sunanta Zainabu, ana kiranta Abu, shekararta 13. Allah ya sa mata son karatu ƙwarai. Sai aka zuga ubanta, aka ce masa boko yana lalata 'ya'ya mata, ya cire ta daga makaranta. Akwai wani ɗan'uwanta da aka yi musu alkawarin aure. Shi an bar shi ya yi karatu, ya shiga birni idonsa ya buɗe. Da lokacin aure ya zo sai ya ce shi ba ya auren jahila. Kun ji inda sunan littafin ya fito. Ku dubi wannan hukunci, jama'a: an hana ta karatu don ta yi aure, sa'an nan an ƙi aurenta don ba ta yi karatu ba.

Daga nan aka ba da ita ga Sarkin Noma, wani dattijo sa'an ubanta, mai mata a gida. Abu ta ce ba ta so. Ta faɗa da baki, ta faɗa da hawaye, ba wanda ya saurara. Mutumin nan ya keta mata haddi da ƙarfin tsiya. Da abin ya kai mata iyaka sai ta gudu birnin Kano wurin wata 'yar'uwar iyayenta. A can, bayan wahala mai yawa, ta koma ga karatu, ta yi ta yi har ta zama ma'aikaciyar asibiti mai jinyar marasa lafiya, waɗanda suka raina ta dā suka komo suna ganin girmanta.

Ku lura da abu ɗaya. Abu ba bebiya ba ce, tana da baki. Abin da ta rasa shi ne kunnen da zai ji ta. Yarinyar da ta yi magana sau ɗaya aka ce ta rufe wa mutane baki, ta yi ta biyu aka ɗauko mata bulala, ran da babban abu ya same ta wa za ta gaya wa? Ta riga ta koyi cewa magana a gidan nan ba ta da riba.

Hajiya Balaraba ba daga sama ta ɗauko wannan labari ba. An haife ta a Kano cikin 1959, ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. Ita ma an raba ta da makaranta, aka yi mata aure tana da shekara 13 da wani wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, auren bai kai shekara 2 ba ya mutu. A makarantar yaƙi da jahilci ta gyara karatunta da rubutunta. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito cikin 1987. Wani littafin nata kuma, Alhaki Kuykuyo Ne, Malam Aliyu Kamal ya juya shi zuwa Turanci, aka buga shi a ƙasar Indiya cikin 2012. Yarinyar da aka so ta yi shiru ke nan, ga shi maganarta ta haye teku.

LABARIN MELINDA

Littafi na biyu sunansa Speak, watau Yi Magana. Wata Ba'amurkiya ce mai suna Laurie Halse Anderson ta rubuta shi don samari da 'yammata, ya fito cikin 1999, aka kuma yi sinimarsa cikin 2004.

Yarinyar cikinsa sunanta Melinda. Ana gab da komawa hutu, za ta shiga makarantar sakandare, sai ta je wani taron shagali na yara irin nasu na can. A wurin wani ɗalibi babba ya ja ta waje ya yi mata fyaɗe. Ta buga wa 'yan sanda waya, amma da aka ɗauka sai magana ta maƙale mata a wuya. 'Yan sanda suka zo suka watsa taron, suka kama waɗansu. Ba wanda ya san dalilin da ya sa ta kira su. Da aka buɗe makaranta sai ƙawayenta duka suka juya mata baya, suna ganin ita ce ta tona musu asiri.

Shekara guda cur yarinyar nan tana ɗauke da abin nan ita kaɗai. Ta rage magana har ta kusa dainawa. Tana cizon leɓenta har ya yi miki. Ba ta son duba madubi. Karatunta ya lalace, ta riƙa gudun aji tana ɓuya cikin wani ɗan ɗaki na ajiyar tsintsiya wanda aka daina amfani da shi. Uwarta da ubanta suna can kowa na fama da neman abinci. Da aka kira su makaranta sai suka ɗauka taurin kai ne da lalaci, suka hau ta da faɗa. Ba wanda ya tsaya ya ce, yarinyar nan bara ba haka ta ke ba, me ya faru tsakanin bara da bana?

Mutum ɗaya ne ya lura, malaminsu na zane. Ya ba ta aikin zana itace, ta shekara tana zana itatuwa, waɗansu busassu, waɗansu tsawa ta faɗa musu. Bai matsa mata da tambaya ba, ya dai nuna mata yana ganin akwai magana cikin zanen nan, in ta shirya yana nan. Can sai ta ga yaron nan ya fara neman tsohuwar ƙawarta. Tsoron kada ya cuci ƙawar ya sa ta ɗauki takarda ta rubuta mata abin da bakinta ya kasa faɗa. Ƙawar ba ta yarda ba da farko. Yaron ya ji labari, ya biyo Melinda cikin ɗan ɗakin nan zai sake, sai ta yi ihu ta kare kanta, mutane suka ji suka zo. A ƙarshen littafin ta zauna gaban malamin nan ta fara ba shi labari.

Ita ma mai littafin, cikin 2019 ta fitar da wani littafi a kan rayuwarta, inda ta bayyana cewa abin da ya sami Melinda ya same ta tana da shekara 13, ta kuwa yi fiye da shekara 20 ba ta gaya wa kowa ba.

DON ME SU KE YIN SHIRU?

Wata uwa za ta ce, ni 'yata in wani abu ya same ta ai za ta gaya mini. Uwargida, kada ki sakankance. Ga abubuwan da ke ɗaure harshen yarinya.

Na ɗaya, tsoro. Mai cutar yara ba ya tafiya sai ya bar kashedi: in kin faɗa zan yanka ki, ko uwarki za ta mutu, ko ba mai yarda da ke.

Na biyu, tana ganin laifinta ne. Ni na bi ta lungun nan, ni na karɓi kuɗinsa, ni na shiga zauren da ya ce in kawo tallan ciki. Akwai wata shahararriyar marubuciya baƙar fata a Amurka, Maya Angelou, wadda ta rayu daga 1928 zuwa 2014. Tana ƙarama, ba ta fi shekara 8 ba, wani mai neman uwarta ya lalata ta. Ta faɗi sunansa, aka kai shi gaban shari'a, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa. Yarinyar ta ɗauka muryarta ce ta kashe shi, sai ta kulle bakinta wajen shekara 5. Wata mata mai ilmi a garin kakarta ce ta jawo ta a jiki, tana ba ta littattafai, tana sa ta karanta su da ƙarfi, har murya ta komo. Kun ga yadda tunanin yaro ya ke. Laifin babba ne, amma shi ya kan ɗora wa kansa.

Na uku, tausayin iyaye. Yarinya ta san in magana ta fita za a yi ta yi da gidansu a bakin rijiya da gidan biki, a ce ba mai aurenta, ba mai auren ƙannenta. Sai ta haɗiye don ta rufa muku asiri.

Na huɗu, ba ta da kalmomin. Mun koya mata cewa akwai abin da bakin 'ya mai tarbiyya ba ya faɗa, ba mu kuwa koya mata abin da za ta ce ran da faɗar ta zama dole ba.

Na biyar, wani lokaci firgita ce kurum ta ke kama harshe, kamar yadda ta kama na Melinda a waya. Likitoci sun san wannan. Mutum ya kan sandare sa'ad da tsoro ya yi tsanani, ya kasa gudu, ya kasa ihu. Saboda haka kada ki ce wa yarinya, don me ba ki yi kururuwa ba? Rashin kururuwa ba yarda ba ne.

ABIN YANA NAN ƘOFAR GIDANMU

Kada wata ta ce wannan halin birni ne ko na Turawa. Ba mu manta da abin da ya faru a Kwanar Ɗangora ba. Cikin watan Yuni na 2020 'yan sandan Jihar Kano suka ba da sanarwar sun kama wani mutum da a ke zargi ya yi wa mata 40 fyaɗe a garin cikin shekara guda, tun daga yara 'yan shekara 10 har tsohuwa mai shekara 80. Yaya aka yi aka kama shi? Wata uwa ce ta tarar da shi cikin ɗakin 'ya'yanta, ya fita da gudu, maƙwabta suka bi shi suka cafke. Ku tsaya ku yi lissafi, 'yan'uwa. Kafin a zo kan wannan uwa, gida nawa aka kwana ana kuka ƙasa ƙasa? A cikin watan nan ne kuma gwamnonin Nijeriya suka taru suka ce sun ɗauki fyaɗe a matsayin masifar da ke bukatar matakin gaggawa.

Cikin 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi bincike a kan cutar da yara a Nijeriya. Aka sami cewa cikin 'yammata 4, ɗaya an taɓa cin zarafinta ta wannan hanya kafin ta cika shekara 18, cikin yara maza 10 kuma ɗaya. Cikin 100 da abin ya sama, waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 ba. Binciken ya kuma nuna yawancin masu yin haka ba baƙi ba ne, mutane ne da yaran suka sani. Ɓarawo na cikin gida ya fi wuyar kamu.

Ba kuwa wannan kaɗai ke kulle bakin yarinya ba. Mutuwar uwa na yi. Sakin aure, a raba yarinya da ɗakin uwarta ta koma hannun da ba tausayi, yana yi. Cin zalin manyan ɗalibai a makarantar kwana yana yi. Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun san irin tashin hankalin da 'yan fashi da masu satar mutane suka jawo a dajin Falgore wajen 2016. Yaron da aka shiga gidansu da bindiga yana kallo, ko an shekara yana iya zabura in ya ji an buga ƙofa. Ciwon zuciya irin wannan ba ya jini, shi ya sa mu kan ɗauka ya warke.

YADDA ZA KI GANE

Mai kunya ta asali, tun tana ƙarama haka ta ke. Tana sunkuyar da kai gaban manya, amma in ta shiga cikin sa'o'inta sai ki ji dariyarta har zaure. Tana cin abinci, tana barci, tana son kwalliya. Wadda ciwo ya sa shiru kuwa, sauyawa ta ke yi. Abin dubawa ke nan, sauyi. Ruwa ba ya tsami banza.

Yarinyar da ke fita dandali da gaɗa ta daina, ta koma ƙuryar ɗaki. Ta bar wanka da kitso da lalle, ko kuwa ta riƙa wanka ba ƙaƙƙautawa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Tana firgita cikin barci, ko ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari. An aike ta wani gida ko wani shago ta ce ba ta zuwa, ko an doke ta ba ta faɗin dalili. Ta ce ba ta son talla ta wata unguwa. Wani mutum ya yi sallama, ta tashi tsam ta shige. Kullum ciwon kai, kullum ciwon ciki. Malamai sun aiko karatunta ya ja baya. Ko ki ji tana cewa gara ta mutu ta huta. Wannan ta ƙarshe kada ki ɗauke ta wasa ko sau ɗaya, kada kuma ki bar ta ita kaɗai, ku nemi likita.

Sau da yawa in aka ga haka sai a ce iska ce ta taɓa ta, a yi ta hayaƙi da rubutu. Addu'a takobin mumini ce, ba mai hana ki. Amma ki haɗa da tambaya. Sau nawa a ke ɗora wa aljani laifin da ɗan Adam mai hula da riga ya aikata?

ABIN DA ZA KI YI

Da farko ki nemi lokacin da ba kowa. Kada ki tsare ta da ido kamar alkali, yarinya ba ta iya magana ana kallon ƙwayar idonta. Ki zaunar da ita ki yi mata kitso, kanta na bisa cinyarki, fuskarta na kallon wani waje. Ko ku zauna tsintar shinkafa, ko ɓarar gyaɗa, ko gyaran zogale. Hannu na aiki, baki ya fi saurin buɗewa. Ki ce mata a hankali, na ga kwanan nan ba kya jin daɗi, kome ne ne ki gaya mini, ba zan doke ki ba, ba zan kore ki ba. In ba ta ce kome ba, ki ƙyale ta, bayan kwana biyu ki sake. Malamin Melinda shekara ya yi yana jira.

Na san akwai alkunya tsakanin uwa da 'yar fari, wata ko sunanta ba ta faɗa, balle hira. To, al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wata. Ga kaka, wadda ke wasa da jika, yarinya na iya gaya mata abin da ba ta gaya wa kowa. Ga goggo, ga inna, ga yaya da ke ɗakin miji, ga malama a makarantar boko ko ta Islamiyya. Ku tuna Abu wurin 'yar'uwar iyayenta ta sami mafaka, Melinda wurin malami, Maya Angelou wurin wata mata ta gari. In kin ga ba za ki iya ba, ki zaɓi wata mai riƙon asiri ki ce ta jawo yarinyar a jiki. Ba gazawa ba ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In ta buɗe baki, kalmarki ta farko ita ce magani ko dafi. Kada ki kurma ihu ki tara maƙwabta. Kada ki ce kin kashe ni, kin ja mana abin kunya. Kada ki ce ƙarya ki ke yi, wane ba zai yi haka ba. Ki danne zuciyarki ki ce, na ji, na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin kyauta da ki ka faɗa. Kukanki ki ajiye shi sai kin shiga ɗaki. Malamai sun tabbatar mana wanda aka tilasta ba shi da zunubi, zunubin na wanda ya tilasta ne.

Sa'an nan sai asibiti, ba tare da jinkiri ba. In abin sabo ne, akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, watau kwana 3. Akwai kuma na hana ciki shiga, shi ma da wuri a ke ba da shi. Kada a wanke tufafin da ke jikinta, a naɗe su a tafi da su, shaida ne. Ku je babban asibiti mafi kusa da ku. A birnin Kano kuma, cikin Asibitin Murtala, akwai wani sashe mai suna Waraka wanda aka keɓe don waɗanda aka yi wa irin wannan ta'asa, ana duba su, ana ba su magani da shawara, ba a karɓar ko kwabo. Ko abin ya daɗe da faruwa ku je, don akwai masu ilmin kwantar da zuciya.

Ki sami mai gida cikin natsuwa ki gaya masa, ku kai magana ga hukuma. Cikin 2023 Jihar Kano ta kafa dokar kare yara, saboda haka akwai inda za a tsaya. Za a zo muku da maganar sulhu, a kawo 'yan kuɗi, a ce a rufa asiri. Ku tambayi kanku, asirin wa? Asirin yarinya shi ne kada a yi yawo da sunanta cikin gari, wannan wajibi ne a kan kowa, har da mu maƙwabta masu ɗaukar zance daga wannan gida zuwa wancan. Amma wanda aka rufa wa asiri bayan ya cuci 'yar wani, an ba shi izinin ya nemi ta gaba ne. Mafi muni duka shi ne a ɗauki yarinyar a aura masa wai don a kashe magana. Wannan an ɗaure akuya ne an miƙa wa kura igiya.

KE KUMA 'YAR MAKARANTA

'Yata, in kina karanta wannan shafi, akwai kuwa wani abu da ki ke ɗauke da shi wanda ba ki gaya wa kowa ba, ki saurare ni. Ba ke kaɗai ba ce. Ba ki lalace ba, darajarki na nan inda Allah ya ajiye ta. Wanda ya ce in kin faɗa zai kashe ki, shi ne ke tsoro, shirunki shi ne garkuwarsa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Addininki bai ce ki yi shiru ba. Cikin Suratun Nisa'i, aya ta 148, an ba wanda aka zalunta izinin ya bayyana zaluncin da aka yi masa. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata mata mai suna Khansa'u ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta taka da ƙafarta ta je ta kai ƙara, aka warware auren. Ba wanda ya ce mata marar kunya.

Ki zaɓi babba ɗaya wadda zuciyarki ta kwanta da ita. In ta farko ba ta yarda ba, ki gaya wa ta biyu. In baki ya ƙi, ai kin iya rubutu. Ki yagi takarda daga littafinki ki rubuta ko layi biyu ne, ki miƙa wa malama ko goggo. Amfanin karatu ke nan wanda ba a faɗa a aji. Melinda da takarda ta fara, Hajiya Balaraba kuwa da alƙalami ta amayar da abin da ke cikinta.

In kuma ƙawarki ce ta sauya, ta daina shiga cikinku, kada ku ce girman kai ta ke yi ku ware ta. Abin da ya fi ƙona Melinda bayan ta'asar kanta shi ne zama ita kaɗai lokacin cin abinci, ƙawayenta na can suna dariya. Ki je ki zauna kusa da ita. Ko ba ku ce kome ba, ku tafi makaranta tare ku komo tare. In ta gaya miki asirinta kada ki kai dandali, amma ki raka ta wurin babba, don kayan ya fi ƙarfin kanku ku biyu.

Uwayen gida, in kun sami Wa Zai Auri Jahila? wurin masu sayar da littattafai, ku saya. Ki ba 'yarki ta karanta miki da dare bayan an gama aiki, sa'an nan ki tambaye ta, ke me ki ka gani game da Abu? Sau da yawa yarinya ta kan fara da labarin wata kafin ta gangaro kan nata. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba mu kunnen jin abin da ba su faɗa ba, ya tona asirin azzalumai. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.